Kunnen Malam Almu

Malam Almu mai gyaran rediyo ya shekara arba'in a bakin titin Sheme, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa yarda cewa tsakanin Ƙanƙara da Sabuwa akwai wanda Allah ya ba kunne in ba shi ba. Sauran jama'a, a wurinsa, ado aka liƙa musu a gefen kai don hula ta sami inda za ta tsaya. Ba kuma a bayan ido yake faɗi ba. A gaban mutum yake faɗi, yana cikin kwance masa rediyo, mutumin kuma ya haɗiye ya yi godiya, don in ya yi fushi sai dai ya ɗauki kayansa ya tafi Funtuwa.

A ba shi haƙƙinsa, a da yana da kunnen. Ɗan Damari ne, uba manomi, kaka manomi, shi kaɗai ya fito da ƙin rana. An kai shi Funtuwa koyon ɗinki, ya gudu daga kan keke ya liƙe wa wani mai gyaran rediyo a tasha. Da ya dawo ya kafa tebur a Sheme, direbobin masara kan tsaya musamman don su gwada shi. Sai a kunna rikoda daga cikin mota, shi yana tsallaken titi, ya karkata kai ya ce bel mai juya kaset ya saki, ko ya ce kan da ke karanta kaset ya yi datti, a buɗe a tarar haka ɗin ne. Daga nan aka fara ce masa Almu Kunne, ya kuwa fi son wannan suna a kan wanda ubansa ya yanka masa rago.

Sunan ya hau kansa ya yi zaman dirshan. Ya taɓa tashi a tsakiyar wa'azi, malami na cikin magana, ya je ya murɗa lasifika don wai tana huci. Ya taɓa gaya wa mai kalangu a gidan biki, a gaban iyayen ango, cewa fatar kalangunsa ta sha sanyi, ya je ya shanya ta tukuna. In aka gaishe shi da safe sai ya auna muryar mai gaisuwar kafin ya amsa. Ya auri Mero, 'yar ƙanin mahaifiyarsa, mace marar yawan magana, suka haifi 'ya'ya mata uku, duk aka aurar da su. A shekara talatin da wani abu na zamansu bai taɓa tambayarta wace waƙa take so ba, don a ganinsa kunnen Mero na jin tafasar tukunya ne da kukan akuya.

Sai zamani ya juya masa baya. Waya ta shigo, kaset ya mutu, rediyo ya koma abin da in ya lalace a jefar a sayi wani. Wani magidanci mai suna Barau ya buɗe shago daidai tsallaken nasa, yana cajin waya, yana tura waƙoƙi a memori, yana sayar da 'yan akwatunan kiɗan nan na Caina da ake kira emfi, waɗanda kowane mai babur ke ɗaurawa a gaba. Jama'a suka tsallaka titi suka bar Malam Almu da teburinsa da tsofaffin gawarwakin rediyo. Da wani mai hankali ne, da ya koyi gyaran waya. Shi kuwa sai ya taɓe baki ya ce ba ya gyaran abin da ba ya da murya.

Abin da ya yi maimakon haka har yau ana labarinsa a kasuwar 'Yankara. Ya kama shanun huɗa biyu da ya gada, ya sayar, ya shiga mota sai Kaduna, kasuwar tsofaffin kayan wuta. Bayan kwana uku ya dawo da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, wadda sai da ƙarti biyu suka kama, da sifiku biyu na katako masu sheƙi da suka kai masa ƙirji, da tsohuwar kwamfuta ta tebur. Mero ta tsaya a bakin ɗaki tana kallon ana shigo da su.

Ta ce, "Malam, to bana da mi za a yi huɗa?"

Ya ce, "Ke dai ba ki san komi ba sai huɗa da daka. Kayan nan da kike gani daga gidan wani Bature suka hito. Ko a Katsina ba ni jin akwai irin su."

A shekarar da fartanya aka yi abin da aka iya, rabin gonar ya kwana. Shi kuwa ya shafe damina biyu yana juye kaset-kaset ɗinsa cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya: goge, kukuma, gurmi, kalangu, waƙoƙin mutanen da ƙasa ta daɗe da rufe idonsu. Ya share shagon zaure, ya shimfiɗa darduma har bango, ya hana kowa shiga da takalmi ko da goro a baki.

Abin da Sheme ba ta sani ba shi ne, tun kafin ya je Kaduna kunnen ya fara tafiya. Da na hagu aka fara, wani siririn fito da ba ya tsayawa ko cikin salla. Sai sirara-siraran sauti suka soma ɓacewa, kukan tsuntsu, muryar mata, ƙarshen jan goge. Shekara arba'in mutum na manna kunne a lasifika, ga janareto a ƙarƙashin tebur, ai dole wata rana jiki ya ce ya gaji. Ya saci jiki ya je asibiti can nesa inda ba a san shi ba, aka gwada shi, aka ce na dama ma saura kaɗan, sai dai ya riƙa sa na'urar ji. Ya dubi 'yar na'urar a tafin likita ya ga kansa yana tafe a titin Sheme, Almu Kunne da rediyo a kunne, Barau na leƙowa daga shago. Ya sa hularsa ya fito. Sana'a ta tafi, shanu sun tafi, sunan nan kaɗai ya rage masa a duniya, ya kuwa ƙudurta sai dai a binne shi da shi.

Ya koyi karanta leɓe. Ya koyi yawan magana don kada a sami sararin yi masa, abin da dama bai taɓa yi masa wuya ba. In ya rasa abin da aka ce sai ya yi tsaki ya kau da kai, mutane su ce halin nasa ne. In shi kaɗai ne a zaure yakan murɗa amfilifaya har tagogi su yi rawa, ya ɗora tafin hannu a katakon sifika, ya ji kiɗan ta ƙashi.

Kwamfutar kuwa ya ce ba za ta zauna a zaure ba, wai fankarta na da wani ɗan huci da ke ɓata waƙa, hucin da shi kansa da hannu ya san da shi. Aka kai ta cikin gida, ɗakin da batirin sola yake. Ya ja doguwar waya daga can ta ratsa tsakar gida zuwa zaure. Sati bai cika ba Mero ta shanya zane a kai. Ya yi faɗa, ya sauke ta ƙasa, akuya ta tauna. Ya binne ta, ɓeraye suka tono. Sau huɗu yana haɗa ta da dalma, kowane haɗi yana cewa waƙa ta rage daɗi, alhali Allah ya sani ba ya jin bambanci.

A ƙarshe wani direba ya taho masa da saƙo daga Kaduna: ɗan akwati da bai fi sabulun wanki ba, wanda ake jonawa a bayan amfilifaya, da wani mai ƙaho biyu da ake ajiyewa kusa da kwamfuta. Yini biyu ya yi yana fama da su, ya kuwa ci nasara, don hannunsa bai mutu ba. Waƙa ta riƙa tasowa daga ɗakin cikin gida, ta keta bango biyu ba waya ba zare, ta faɗo zaure. Da labari ya kai wa Barau sai ya leƙo ya ce, "Malam, ai bulutut ne. Ko emfin da ke aljihuna yana yi."

Malam Almu ya yi masa kallon hadarin kaji. Ya ce, "Bulutut matse waƙa yake yi, kamar a cusa rago cikin buhu. Wannan wayafai ne, waƙa na tahowa da ƙafarta da ƙahonta. Amma mi zan gaya maka, kai da kunnenka ya saba da gwangwani?"

To amma abin da ba waya yana da nasa sharaɗi: mai sauraro na zaure, maɓalli na cikin gida. Dole aka koya wa Mero, wadda ba ta da kunne. Ya ɗiga mata jan fenti a maɓalli uku, na kunnawa, na tsayarwa, na wucewa gaba. Ta riƙe. Ta kuma ƙara wani abu da bai koya mata ba: da ta ji ladan ya ɗaga murya sai ta tsayar da kiɗa, yadda kowane gidan mutunci ke yi. A fuskar amfilifayar akwai allurai biyu masu rawa da kiɗa. In Malam Almu ya ga sun kwanta ba gaira ba dalili, ya san an kira salla, ya tashi ya ɗauki buta. Har yabonsa aka riƙa yi a unguwa, wai duk son kiɗansa ba a taɓa jin sautinsa ya haɗu da na ladan ba.

Mero ta daɗe da sani. Ta sani tun ranar da tukunya ta suɓuce mata a bayansa ta tarwatse bai ko motsa ba. Ba ta ce masa komi ba, ba ta ce wa 'ya'yanta ba. Sai dai daga ranar in za ta yi masa magana takan zagayo gabansa ta tsaya inda haske yake. Shi kuwa gogan ya ɗauka sai yanzu da tsufa ta koyi ladabi.

Gari dai ba ya rasa masu lura. Aka fara cewa Malam Almu ba ya amsa sallama in ta bayansa aka yi. Masu cewa girman kai ne suka fi yawa, hakan kuwa ya yi masa daidai, gara a ce masa mai girman kai sau dubu. Sai wata rana a majalisar bakin titi Barau ya ce, "Anya girman kai ne? Jiya mai babur ya yi ta yi mashi oda har ya kusa hawan shi, bai ko waiga ba. Ni dai ina jin Kunne ya yi ritaya." Aka yi dariya. Alhaji Zailani, dattijon dillalin hatsi wanda suka yi ƙuruciya tare da Malam Almu, bai yi dariya ba. Ya same shi a zaure, ya zauna gab da shi, ya gaya masa abin da ake faɗi, ya ce in akwai wani abu ya faɗa masa, ba za a ji a bakinsa ba.

Nan ne Allah ya buɗe masa ƙofa, Malam Almu ya sa ƙafa ya rufe. Ya miƙe yana huci ya ce, "Alhaji, ka ce masu du su zo jibi bayan azahar, har shi Barau ɗin. Zan kunna maku abin da ba ku taɓa ji ba, in kuma nuna maku abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Sai a ga wanda ya yi ritaya."

Ranar ya tashi da shiri kamar mai aurar da 'ya. Ya goge katakon sifiku da man gyaɗa. Ya ɗauko awon tela ya auna tsakiyar ɗaki, ya kafa kujerarsa a can, taku biyar daga kayan, don ya sha faɗa wa mutane cewa jahili ne ke manne wa sifika. Ya shiga ciki ya jera wa Mero waƙoƙi uku, goge, gurmi, sai ta ƙarshe ta wani mai kukuma da ya daɗe da rasuwa.

Ta zagayo gabansa ta ce, "Malam, in la'asar ta riske ku fa?"

Ya ce, "Wace la'asar? Waƙa ukku ce. Ke dai danna abin da na nuna maki, kada ki sa mani iyayi."

Mutum bakwai suka zo. Alhaji Zailani ya makara, ana sauke masa masara, aka jira shi. Da ya iso kuma Malam Almu bai kunna ba sai da ya yi musu huɗuba. Ya yi bayanin itacen da aka yi sifikun da shi, da ƙasar da yake tsirowa. Ya yi bayanin yadda waƙa ke tafiya cikin iska ba ta zube ba. Ya zagi emfi, ya zagi memori, ya zagi masu ɗaura kiɗa a babur, Barau na zaune yana murmushi. Inuwa ta yi nisa a tsakar titi, mai huɗuba bai duba ba.

Sa'annan ya kafa dokoki. Ba magana sai tasa. Ba za a ƙure sauti ba, ƙurewa ta 'yan tasha ce, ya murɗa maɓalli kaɗan ya bar shi inda shi kansa ba ya jin komi sai wani gunji can nesa. Kuma kowa ya rufe ido, wai ido ɓarawon kunne ne. Gaskiyar ita ce in idanu na rufe ba mai jefo masa tambayar da zai kasa kamawa. Ya leƙa ƙofar cikin gida ya tafa hannu sau biyu, ya koma kujerarsa.

Goge ya taso. Kai, kayan nan ba ƙarya ba ne. Sai ka ce mai gogen na zaune a tsakanin sifikun, har jan numfashinsa ana ji. Murmushin Barau ya ɓace. Alhaji Zailani ya girgiza kai ya ce masha Allah. Malam Almu kuwa ta ƙasan ido yake satar kallon allurai, waƙar kuma ya haddace ta tun kaset, don haka duk inda ya ce, "Ku ji ƙwarya ta shigo," sai ƙwarya ta shigo. Aka yi ta gurmi, ita ma bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ya saci kallon fuskokinsu ya ga ya gama da su, zuciyarsa ta yi fari ƙal. Saura ɗaya ya tashi da sunansa.

Sai aka saki ta kukuma. Wannan waƙa ita ce ta farko da ya fara ji a shagon maigidansa na Funtuwa, ita ta raba shi da keken ɗinki. Da ya ga allurai sun ɗaga da jan farko, sai ta taso masa daga ciki, tsaf, da kowane lanƙwasa, yadda rabonsa da jin ta haka tun kunne na kunne. Fiton nan na hagu ma kamar ya ja da baya. Daɗi ya kwashe shi, ya bi dokar da ya kafa wa wasu, ya rufe ido da gaske.

Ba a yi nisa ba ladan ya ɗaga murya daga masallacin da ke bayan gida biyu. Can ciki Mero ta yi abin da ta saba. Zaure ya yi tsit, mutane suka buɗe ido, leɓuna suka fara bin ladan a hankali.

Malam Almu na tsakiyar ɗaki, ido rufe, kai na lilo, yatsa na kaɗawa a iska. Ya ce da ƙarfi, da irin muryar wanda ba ya jin kansa, "Ku ji nan! Ku ji yadda ya ja tsirkiya ya sake ta! Kai Barau, emfinka na kawo wurin nan?" Ladan ya ci gaba. Malam Almu ya ɗaga hannu ya ce, "Saurara, saurara, ga 'yan amshi nan za su shigo. Yauwa! Kun ji ta bayan nan mai siririyar murya? Ba kowane kunne ke kamo ta ba." Har ya ɗan bi waƙar da hanci, a karkace, yana buga ƙafa a darduma. Wani ya miƙa hannu zai taɓa shi, Alhaji Zailani ya riƙe hannun, don ba a san ta inda za a fara ba. Haka suka zauna, mutum bakwai, suna amsa kiran salla ƙasa-ƙasa, shi yana nuna musu abin da ke cikin shiru, har ladan ya kai ƙarshe, har shi ma waƙar ta ƙare masa a ka.

Ya sauke numfashi, ya buɗe ido yana murmushi, ya ce, "To, wa ya yi ritaya?"

Allurai na kwance. Alhaji Zailani ya ɗaga tafuka yana addu'ar bayan kiran salla. Sauran kowa ya sami abin kallo a darduma. Ya nemi fuskar Barau, don ya san in akwai dariya a can take, ya ga Barau ya sunkuyar da kai yana murza hularsa a gwiwa. Da dariyar ya yi da ya fi sauƙi, ana iya rama dariya da zagi. Tausayi ne ya gani, na Barau mai cajin waya, abin kuwa ya soke shi har ƙahon zuci. Ya buɗe baki zai ce layi ne ya katse, ya tuna yanzun nan ya gama nuna musu mai siririyar murya. Bakin ya tsaya a buɗe, ya rasa tun yaushe allurai suka kwanta, kuma ba wanda zai iya tambaya.

Alhaji Zailani ya shafa addu'a ya miƙe da kyar, ya taka har tsakiyar ɗaki. Bai tsaya a gabansa ba yadda ya saba. Ya zagaya ta dama, ya dafa kafaɗarsa, ya sunkuya, ya kare baki da tafin hannu daidai kunnensa, ya ɗaga murya yadda ake yi wa tsofaffi, a gaban kowa.

"An kira salla, Malam. Tashi mu tahi."

Malam Almu ya ji shi sarai. Shekara uku ke nan rabon da ya ji maganar ɗan Adam haka.